Bismut da kulorin: farin gishiri, hodar kwalliya, da baƙin kiristal ɗin da ya ruɗi masana

Fosfaras yana ɗaukar atam biyar na kulorin ya zauna lafiya. Antimoni, wanda ke gida ɗaya da shi a jadawalin sinadarai, shi ma yana ɗaukar biyar. Amma da ka sauko kan bismut sai ka tarar uku kawai yake karɓa, kuma har yau babu wanda ya iya ajiye BiCl₅, wato bismut mai kulorin biyar, a kwalba. Ɗalibanmu na kimiyyar sinadarai a nan Zariya sukan haddace wannan, su zuba a takardar jarrabawa, su ci makinsu su wuce. Abin da ba kasafai ake tsayawa a nuna musu ba shi ne, dalilin wannan ƙin karɓar shi ne kuma ke bayan yawancin halayen gishirin bismut: siffarsa, saurin narkewarsa, da yadda yake rikiɗa ya zama wani abu dabam da zarar ya sha ruwa ko an ƙara masa ƙarfe.

Bismut shi ne na 83 a jadawali, maƙwabcin dalma mai lamba 82. Sun yi kama har mutanen dā suka riƙa rikita su, sai a 1753 wani Bafaranshe, Claude François Geoffroy, ya nuna ƙarfe ne mai zaman kansa. Yana narkewa a digiri 271 a ma'aunin Salshiyas. Yawanci ba a haƙa rami dominsa, a wajen tace dalma da jan ƙarfe da tungistan ake tsintarsa, kuma ƙasar Sin ce ke fitar da mafi yawan wanda duniya ke amfani da shi.

A ɓawonsa na waje akwai ilektaron biyar, biyu a mazaunin da ake kira 6s, uku a 6p. Ukun nan su ne masu fita harka. Biyun kuwa sun lafe. Cibiyar atam ɗin na ɗauke da furoton 83, kuma jan da take yi ya kai ilektaron na can ciki suna gudun da ya kusa kashi 60 cikin 100 na gudun haske. A irin wannan gudu lissafin Einstein yana shigowa: mazaunin s yana tsukewa ya matso kusa da cibiya, har na shidan ma, sai ciro waɗannan biyun ya yi tsada. Kulorin ba shi da ƙarfin biyan wannan farashi. Fulorin, wanda ya fi kowa zafin kwasar ilektaron, shi ya iya, shi ya sa akwai BiF₅ amma babu ɗan'uwansa na kulorin. To amma lafewa ba ɓacewa ba ce. Biyun nan suna nan, kuma a ginin wasu sinadarai suna cin fili.

Haɗa BiCl₃, farin gishirin bismut mai kulorin uku, a takarda abu ne mai sauƙi. Hanya ta farko, a ɗumama ƙarfen a cikin bututun gilashi a bi ta kansa da busasshiyar iskar kulorin: 2Bi + 3Cl₂ → 2BiCl₃. Gishirin yana tashi tururi ya je ya daskare a ɓangaren bututun da ke da sanyi. Ita ce hanya mafi tsabta, ita ce kuma wadda ba zan ba ɗalibi shawarar bi ba sai in akwai akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki da kuma tabbacin ba za a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki ba, domin kulorin guba ce. Hanya ta biyu ita aka fi bi: a narkar da Bi₂O₃ a cikin asid haidurokulorik mai kauri, a ƙafe ruwan. Wanda ƙarfe kawai ke hannunsa zai ga asid ɗin shi kaɗai bai taɓa shi ba, sai an haɗa da asid naitirik. Matsalar hanyar ruwa ita ce abin da ya rage a kasko ba busasshen gishiri ba ne. Sai an sake dafa shi ya tashi tururi a ƙarƙashin busasshiyar iskar naitirojin, an tare shi a wata kwalbar, sannan a ce an samu BiCl₃ na gaskiya.

Daga nan sai rigimar ajiya. A watan Janairu, lokacin da hunturu ya busar da leɓe da komai, kana iya buɗe kwalba ka auna ka rufe ba tare da wata babbar asara ba. A Agusta labari ya sha bamban. Ka ɗebo farin kiristal a cokalin awo, kafin allurar sikeli ta tsaya sai ka ga gefensa ya fara sheƙi, ya jiƙe, ya manne da takarda, nauyi kuma yana ta hawa da kansa. Ƙwayoyin silika masu shuɗi da ke ƙasan tukunyar busarwa sun riga sun koma ruwan hoda. Ɗalibi ya rubuta giram biyu na BiCl₃ a littafinsa, alhali wani kaso na abin da ya auna laimar damina ce.

In aka mai da shi tururi, kowane BiCl₃ yana yawo shi kaɗai, kuma siffarsa irin ta murhun gargajiya ce: duwatsu uku a ƙasa su ne kulorin, tukunya a bisa ita ce bismut, ilektaron biyun nan kuma suna saman tukunyar inda babu kowa. Tsakanin bismut da kowane kulorin pikomita 242 ne (pikomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na mita), kusurwar da ke tsakanin ƙafafun kuma wajen digiri 97 da rabi. Da ya daskare, wannan siffa ba ta rushewa. Binciken hasken eksire da Nyburg da Ozin da Szymański suka wallafa a 1971 ya nuna kowane bismut yana da kulorin uku na kusa a wajen pikomita 250, sannan wasu biyar na maƙwabta daga nesa, tsakanin 320 da 345 ko kusa da haka. Wato takwas ne ke kewaye da shi, amma uku kawai ya riƙe da gaske.

Wannan rabon uku da biyar shi ke bayyana abin da ma'aunin zafi ke nunawa. Ɗauki lantanam. Cajinsa uku ne kamar na bismut, girmansu kuma kusan ɗaya, amma shi ba shi da waɗancan ilektaron biyu. A LaCl₃ kulorin tara ne ke riƙe da kowane atam kusan daidai wa daida, kuma ba ya narkewa sai wajen digiri 860. BiCl₃ kuwa a wajen 230 ya zama ruwa, a wajen 447 ya tafasa. Tazarar sama da digiri 600 ke nan tsakanin gishiri biyu da a takarda za ka rantse 'yan biyu ne. Don narkar da na bismut ba sai ka karya haɗin nan uku masu ƙarfi ba, sassauta biyar ɗin nan masu rauni ya isa. Duk da haka ya fi 'yan gidansu riƙo: PCl₃ da AsCl₃ ruwa ne a zafin ɗaki, SbCl₃ yana narkewa a 73. Bismut yana tsaye a kan iyaka, bai zama cikakken gishiri irin na miya mai narkewa a 801 ba, bai kuma zama ruwa irin na fosfaras ba.

Yanzu ga gwajin da ya fi kowanne koyarwa. Narkar da ɗan BiCl₃ a cikin asid haidurokulorik, ruwan ya fito garau. Ɗauki kofin gilashi cike da tsabtataccen ruwa ka ɗiga masa. Inda ɗigon ya faɗa sai farin gajimare ya tashi, ya bazu, kofin ya koma fari fat, in ka juya shi a gaban taga ka ga wani sheƙi yana bin juyin. A nan ne ɗalibi kan ɗago kai ya ce, "Malam, ya lalace." Sai ka ce masa, "Ƙaro asid a hankali, ka gani." Farin ya ɓace, ruwa ya dawo garau. Ƙara ruwa, ya dawo. Abin da ke gudana shi ne BiCl₃ + H₂O ⇌ BiOCl + 2HCl. Antimoni ma yana wannan farin, kuma tsohuwar dabarar raba su ita ce asid tatarik, wanda shi ke sa tsamiya tsami: na antimoni yana narkewa a cikinsa, na bismut ya ƙi.

Yawanci bayanin da ake bayarwa shi ne bismut ya fi son oksijin a kan kulorin. Ba ƙarya ba ne, amma lissafi bai tsaya nan ba, kuma ya kamata a yi lissafin. Kowane sinadari yana da zafin samuwarsa, wato yawan zafin da ke fita in an haɗa mol ɗaya nasa daga tushensa (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne, zafin kuma da kilojul ake auna shi). Na BiCl₃, wanda mol ɗinsa giram 315 ne, kilojul 379 ne. Na BiOCl 367. Na ruwa 286. Na HCl kuwa ya danganta: in iska ce 92, in ta narke a ruwa mai yawa 167. Sai a tara. Ɓangaren hagu, 379 da 286 sun ba da 665. Ɓangaren dama in HCl iska ce, 367 da 92 sau biyu sun ba da 551. Ka ga dama ta gaza hagu da kimanin 114, ma'ana sai an ciyar da zafi kafin abin ya tafi. Amma in HCl ta narke a ruwa, 367 da 167 sau biyu sun ba da 701, dama ta zarce da 36, zafi na fita, abu na tafiya da kansa.

Ashe ba ƙaunar oksijin kaɗai ke tura lamarin ba. Ribar tana wajen narkewar HCl a ruwa, kilojul 75 a kowane mol, sau biyu 150, ita ce ta cike giɓin 114 har aka sami rara. In aka shigo da entirofi, ma'aunin yadda abubuwa ke warwatsuwa, aka yi lissafin makamashin Gibbs, wanda ke nuna ko abu zai tafi da kansa, amsar ba ta sauya fuska ba: kimanin kilojul 32 ne a gefen tafiya. Wannan ƙaramar riba ce, shi ya sa ake iya juya ta. In ruwan ya riga ya ƙoshi da asid, sabuwar HCl ba ta samun wannan ribar, ga kuma kulorin mai yawa da ke kewaye bismut ya mai da shi BiCl₄⁻ da BiCl₆³⁻ masu narkewa. A buɗaɗɗiyar kwalba kuwa wata hanyar ake bi a kai wuri ɗaya: gishirin ya sha laima, HCl ta fice ta bi iska ba ta dawowa, sai abin ya yi ta tafiya gaba sannu a hankali. Tsohuwar kwalbar da murfin ƙarfenta ya yi tsatsa, wadda farin cikinta ya ƙi narkewa garau, ta riga ta faɗa maka abin da ke ciki.

Farin nan, BiOCl, ba shi da halin uwarsa ko kaɗan. Ba ya shan laima, ba ya narkewa a ruwa, kuma in ka gasa shi bai sauya ba sai ya haura digiri 600, inda yake zubar da wani ɓangare na kulorinsa ya koma Bi₂₄O₃₁Cl₁₀. Gininsa hawa-hawa ne. A tsakiya shimfiɗar oksijin, sama da ƙasanta bismut, sannan kulorin ya rufe ta fuska biyu: Cl, Bi, O, Bi, Cl. Kowane bismut yana riƙe da oksijin huɗu ta gefe guda a wajen pikomita 231, da kulorin huɗu ta ɗaya gefen a wajen 306. Daga wannan fallen zuwa na gaba pikomita 737 ne, kuma a mahaɗarsu kulorin ne ke fuskantar kulorin, babu wani riƙo na kirki. Saboda haka kiristal ɗin yana girma a faɗi, ba a kauri ba, ya fito fale-fale sirara masu santsi. Ga shi yana lanƙwasa haske sosai, ma'auninsa wajen 2.15, alhali na gilashi 1.5 ne. Haske ya faɗa kan fallayen da suka kwanta bisa juna, kowanne ya mai da kaɗan, sai ido ya ga sheƙin lu'ulu'u.

Wannan sheƙin ne ake sayarwa. Wadda ta sayi hoda ko jan farce ko kwalliyar ido mai ƙyalli a kasuwar Sabon Gari, ta juya bayan kwalin ta duba jerin abubuwan da aka haɗa. In ta ga CI 77163, to BiOCl ne. Shi ma ɗalibin da ya aika samfurinsa a haska masa da eksire yana da tasa alamar: tazarar 737 ɗin nan tana fitar da tsini a digiri 12 a kan takardar sakamako, in da fitilar jan ƙarfe aka yi awon. Wanda ya ce BiCl₃ ya haɗa amma tsinin nan ya bayyana, ruwa ya riga shi.

Tun wajen 2006 BiOCl ya sami sabuwar kasuwa a binciken tsabtace ruwa da haske, kuma batu ne da ke jan hankalin masu digiri na biyu, musamman a gari irin namu mai cibiyar binciken fata a Samaru da ta fasahar sinadarai a Basawa, inda zancen ruwan rini da na jima ba baƙo ba ne. Ina da ja a kan yadda ake yawan yin aikin. Tazarar makamashin BiOCl, ƙarfin da haske ke buƙata kafin ya tayar da ilektaron ɗinsa, ta haura 3.2 a ma'aunin ilektaron-bolt, wato hasken da ya wuce shuɗi, wanda ido ba ya gani, shi kaɗai ke tayar da shi, kuma wannan bai fi kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Sau da yawa in aka ga launin rini ya gushe a rana, rinin ne da kansa ya sha hasken ya miƙa wa hodar ilektaron. Gushewar launi kuma ba ta nufin gubar ta ƙare. A gwada da gurɓataccen abu marar launi tukuna.

Sai sinadari na uku, baƙin kiristal ɗin, wanda ya fi ba ni sha'awa. In ka narkar da BiCl₃ ka jefa masa ƙarfen bismut, ƙarfen yana narkewa a ciki, ruwan ya yi duhu, in ya huce a hankali sai baƙaƙen kiristal masu ƙyalli su fito. Tun farkon ƙarni na 20 aka san su, aka auna aka ga bismut da kulorin kusan ɗaya da ɗaya ne, aka rubuta BiCl. Kuma amsar ta yi daɗin ji: bismut ya ba da ilektaron ɗaya ke nan. A shekarun 1950 aka dawo kan batun da ƙarfi, domin a Amurka ana nazarin injin nukiliya da za a narkar da yuraniyam a cikin ruwan bismut, ana kuma son sanin yadda ƙarfen ke hulɗa da narkakken gishiri. John Corbett na ɗakin bincike na Ames a jihar Ayowa yana cikin masu wannan aiki, kuma shi kansa a 1958 da sunan BiCl ya wallafa shi.

A 1963 shi da ɗalibinsa Alex Hershaft suka fitar da ginin kiristal ɗin, sai ga abin da ba wanda ya zata. Babu wani bismut mai caji ɗaya a ciki. Abin da ke akwai dunƙule ne na atam tara na bismut riƙe da junansu, babu kulorin a tsakaninsu, suna tarayya a caji biyar: Bi₉⁵⁺. Shida sun yi ginshiƙi mai kusurwa uku, uku a sama uku a ƙasa, sauran ukun kowanne ya toshe fuska ɗaya ta gefe. Tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusa da ta cikin ƙarfen kansa. Kewaye da dunƙulen kuma bismut ne mai caji uku da muka saba da shi, sanye da kulorin. Lissafin ya tashi dunƙule biyu na Bi₉⁵⁺, huɗu na BiCl₅²⁻, ɗaya na Bi₂Cl₈²⁻. Tara su: bismut 24, kulorin 28, wato Bi₆Cl₇. Caji goma a wannan gefe, goma a wancan.

Me ya sa aka yi rabin ƙarni ba a gane ba? A BiCl, kulorin zai zama kashi 14.5 cikin 100 na nauyi. A Bi₆Cl₇ kashi 16.5 ne. Bambancin maki biyu kacal, a cikin abin da ake tsamowa daga cakuɗen ƙarfe da gishiri, wanda ɗan ragowar ƙarfe zai ja awon ƙasa, ɗan ragowar gishiri ya ja shi sama. Sikeli ba zai raba wannan gardama ba. Kuma abin ba shi da ƙarko: ribar da ya samu a kan rabuwa ƙarama ce, da zafi ya kai wajen digiri 320 sai ya watse, 3Bi₆Cl₇ → 11Bi + 7BiCl₃, ruwa biyu da ba sa gauraya, mai ƙarfe a ƙasa mai gishiri a sama. Ɗan sakandaren da aka koya wa cewa lambar caji kullum cikakkiya ce, ga inda kowane bismut ke ɗauke da biyar bisa tara. Bayan wannan aka samo Bi₅³⁺ da Bi₈²⁺, aka buɗe fage guda na nazarin dunƙulen ƙarfe tsirara. A cikinsu duka ilektaron na p ne ke ɗaure atam da atam, biyun nan na s suna gefe.

Dalma mai caji biyu ita ma tana da irin waɗannan ilektaron biyu, kuma suna cikin sirrin da ya sa sinadaran dalma da ake kira ferobsikait suka yi fice a faifan sola, inda kason hasken da suke juyawa zuwa lantarki ya tashi daga ƙasa da kashi 4 cikin 100 a 2009 zuwa sama da 25 yanzu. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani kan dalma ba. A 2010 ƙurar dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Bismut kuwa, duk da nauyinsa, har maganin gyambon ciki ake yi da shi. Don haka aka ce a gwada musanya: a cire dalma biyu masu caji bibbiyu, a sa azurfa mai ɗaya da bismut mai uku, jimla huɗu. A 2016 ƙungiyoyin masana a Ohayo da Okisfod suka fitar da irin wannan gini, Cs₂AgBiCl₆, wata a Sitanfod ta fitar da mai buromin a gurbin kulorin. A wannan ginin kulorin shida ne ke kewaye da bismut a tazara ɗaya, ilektaron biyun ba su ture kowa ba.

Ya fi na dalma jure zafi da laima, amma a sola bai yi abin kirki ba. Tazarar makamashin na kulorin ta kusa 2.8, ta yi faɗi, yawancin hasken rana wucewa yake yi. Ga shi kuma tazarar a karkace take, ilektaron ba ya haurawa kai tsaye sai da taimakon girgizar kiristal. Ko na buromin da ya fi shi bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Inda aka ci riba wani wuri ne dabam. A 2018 masana a Wuhan ta ƙasar Sin suka ɗauki irin wannan gini na kulorin, amma da indiyam a gurbin bismut da sodiyam a gurbin wani kaso na azurfa, suka ɗiga masa bismut ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu. Hodar da ta fito, in aka haska ta da hasken da ido ba ya gani, tana mai da kusan kashi 86 cikin 100 nasa farin haske mai ɗumi irin na fitilar ɗaki, ba tare da ƙwayar dalma ko ɗaya ba.